Zuwa ga aminina, kan shanunka masu ciki

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ƙafar Baba? Shirun ya yi yawa, amma abin da ƙaninka ya faɗa mini ne ya hana ni ƙara jinkiri. Wai tunda shanunka suka kusa haihuwa kake ta ƙara musu kalsiyam a abinci don su yi ƙarfi. Don Allah ka dakata.

Na san nufinka alheri ne, kai da ko kaza ka gani sai ka ce ba ta ƙoshi ba! Sai dai jikin saniya yana da nasa tsari. Ranar da ta haihu, dakashi yana janye kalsiyam daga jininta farat ɗaya, domin kowace lita tana ɗauke da kusan giram 2, wajen ninki biyu na madarar yau da kullum. Dole jiki ya ciro daga ƙashi, ya kuma ƙara tsotsa daga hanji, kuma wannan aikin yana ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ya kankama. Idan ka cika ta da kalsiyam tun kafin haihuwa, jikin sai ya saki jiki, ranar buƙata ta same shi bai shirya ba. Sai ka ga ta fara rawar jiki, kunnuwa sun yi sanyi, ta daina tuƙa, ta kwanta ta lanƙwasa wuya zuwa haƙarƙari. Masu haihuwa ta uku zuwa sama sun fi faɗawa, kuma shanu nau'in Jersey irin naka biyun nan sun fi kowa.

  

To, kwana 21 na ƙarshe kafin haihuwa su ne abin lura. Ka rage musu ɗanyar ciyawa mai laushi, musamman wadda ta sha taki, saboda potasiyam ɗinta yana hana ƙashi da ƙoda amsa kiran jiki na neman kalsiyam. Magnisiyam kuwa kada ya yi ƙaranci, ana son wajen kashi 0.4 cikin ɗari na busasshen abincin. Akwai kuma gishirin kuloraid da salfet da ake haɗawa a wannan lokacin, ana auna fitsari a ga ko yana aiki, amma wannan sai da likitan dabbobi, don idan ya yi yawa sukan ƙi cin abinci.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba sa faɗuwa. Suna tsaye amma kalsiyam ta yi ƙasa a jininsu, sai mabiyiya ta ƙi fita, hantsa ta kamu da ciwo, nono ya ƙi zuwa, kai kuma kana neman dalili a wani wuri. Da zarar ta haihu, lokacin ne kalsiyam ta baki take da amfani. Idan kuwa ta riga ta kwanta, kada ka ɗura mata komai, zai iya shiga huhu. Ka kira likita ya sa mata ta jijiya a hankali, yana sauraron zuciya.

Ka rubuto mini abin da suke ci da lokacin da kake sa ran haihuwarsu. Uwargida tana gaida taka, ta ce har yanzu tana jiran hoton jaririn.

Naka,
Amininka