A daina auna binciken sadarwa da sikelin likitanci

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda jami'o'i ke auna darajar malaman fannin magana da sadarwa da yawan ambaton da sauran masana suke yi wa ayyukansu.

Ma'aunin tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya assasa, lissafinsa ba wuya: a tara ambaton da maƙalun shekaru biyun baya suka samu a bana, a raba da adadin maƙalun. Misali, mujallar da ta buga maƙala 80 a 2022 da 2023, aka ambace su sau 120 a 2024, makinta 1.5 ke nan. A likitanci shekara biyu ta wadatar, don bincike na tafiya da sauri. Mai nazarin balaga da jawaban siyasa kuwa, sau da yawa littafi yake rubutawa, kuma sai an daɗe ake fara kafa hujja da shi. Mujalla irin Quarterly Journal of Speech, wadda ke fitowa tun 1915, wannan awo ba ya yi mata adalci.

Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 ma haka yake. Mai h 10 shi ne wanda ke da maƙala 10, kowacce an ambace ta aƙalla sau 10. To, malamin da aikinsa ɗaya ne tak, ko an ambace shi sau 2,000, h ɗinsa 1 ne. Wannan na ci mini tuwo a ƙwarya.

Roƙona ga kwamitocin ƙarin girma shi ne su gwada malami da 'yan fanninsa kaɗai. Scopus, wani rumbun bayanan maƙalun bincike, na da ma'aunin da aka daidaita bisa fanni, inda 1.0 ke nufin matsakaicin duniya. Kwamitocin su duba ambaton shekara biyar, su cire ambaton da malami ya yi wa aikin kansa, kuma su tace alƙaluman Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, domin yakan ƙirga aiki ɗaya sau biyu. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan auna bincike ta riga ta yi gargaɗin kada a auna mutum da makin mujalla.

Su kuma malamai, su buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, su tsaya kan salo ɗaya na rubuta sunansu. Wanda ya sa harafin tsakiya a wata maƙala, ya bar shi a wata, rumbun bayanai kan ɗauke shi mutum biyu, ambatonsa ya rabu gida biyu.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku