Laka a ƙasa, dutse a sama: wane takalmi zan ce wa Yaya ya aiko?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina rubuto maka ne daga wani ƙauyen Hausawa a bakin kogin Rahad, cikin jihar Gadarif ta Sudan, tsakanin Hawata da duwatsun Gala'an Nahal. Manomi ne ni, riɗi da dawa nake nomawa, in ruwa ya fara janyewa kuma na shiga daji da karnuka. Na san an fi kawo maka maganar aure da gado da rikicin maƙwabta, sai ga tawa ta takalmi. Ka yi haƙuri ka saurare ni, don akwai lafiyar ƙafa a ciki, akwai kuma zumunci.

Yayana yana Jidda yana tuƙin motar kaya. Ya yi alkawarin saya mini takalmin daji ƙafa biyu, ya ba wani ɗan garinmu da zai biyo jirgin ruwa zuwa Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan. Sau ɗaya za a yi wannan sayen, kuma in ya iso ya iso ke nan, ba mayarwa ba canji. Ya turo mini hotuna ta WhatsApp ya ce in zaɓa, ni kuwa har yau ban ba shi amsa ba.

Bari in fara gaya maka irin ƙasar da muke takawa, don wanda bai shigo nan da damina ba ba zai gane matsalar ba. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani takan tsage har hannun mutum ya shige, amma daga watan Yuni zuwa Oktoba, da ta sha ruwa sai ta kumbura ta rufe, ta yi yauƙi da danƙo. Ba ta tsotse ruwa, a kanta yake kwanciya. Taku kaɗan za ka yi ta cika ƙasan takalmi, ta hau gefe, sai ka ji kamar an ɗaura maka turmi a kowace ƙafa. Tarakta ma a nan takan kafe. In kuma ka ratse wannan fili ka nufi inda zabbin daji da fakara ke kwana, sai ka hau dutse mai kaifi da tsakuwa mai gangarowa, ga ƙayar aduwa da ta dushe da ta dakwara a zube. Tsakanin nan da can akwai ƙoramu, wata a idon sawu, wata har gwiwa. Duk a fita ɗaya, Malam, daga asuba zuwa hantsi.

Farautarmu ba ta alfahari ba ce. Zabo, zomo, fakara, sai korar birai da gadu daga gona in dawa ta fara nuna. Gandun Dindir yana tsallake, tun 1935 aka keɓe shi, ba ma shiga. Bindiga kuwa tun da yaƙi ya tashi a watan Afrilun 2023 mai hankali ya rataye tasa. Kare da ƙere muke fita da su, wato gudu da tsalle sun fi yawa, ƙafa ce ke yin aikin duka.

Na farko, wanda Yaya ya fi so, shi ne mai tsadar. Fata ce mai kauri, wuyansa ya wuce idon sawu, ƙasansa na robar kamfanin Vibram, a ciki kuma an shimfiɗa Gore-Tex, wadda mai shagon ya ce masa tana hana ruwa shiga tana barin gumi ya fita. Ban ƙaryata shi ba. A dutse na tabbata ba abin da zai kama ƙafarsa, don yana riƙe idon sawu, ƙaya kuma ba za ta huda shi da sauƙi ba. Amma abubuwa da yawa sun tsaya mini a rai. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne zai hana shi fita. In na tsallake ƙorama ruwa ya zubo ta sama, zan yini ina tafe da tafki a ƙafa, kuma irinsa ba ya bushewa a dare ɗaya. A kanga shi kusa da wuta kuma fatar ta ƙeƙashe, gam ɗin ya saki. Batun fitar gumi ma ina da shakku, domin tururi yana fita ne in waje ya fi ciki sanyi da bushewa, mu kuwa a watan Satumba iskar kanta jiƙe take ga zafi. Sannan na ƙura wa hoton ƙasansa ido, na ga haƙoran a matse suke kusa da juna. Lakarmu za ta cike su ta mayar da shi sumul, in hau dutse da shi haka kuwa sai Allah ya kiyaye. A kwalin ɗaya daga cikinsu har na ga an rubuta giram 400, da na tambaya aka ce abin ɗumi ne da aka cusa a ciki saboda masu farauta a ƙanƙara. Wannan kam ko kyauta ne ya fi ƙarfina.

Akwai kuma abin da wani baduku a kasuwar Gadarif ya nuna mini. Ya ɗauko wani takalmin waje mai kyan gani, fatarsa ko ƙwarzane babu, ya sa babban yatsa ya danna tsakanin ƙasan da fatar, sai soson ya ruguje ya zubo gari a tafin hannunsa. Ya ce haka wannan irin soso yake yi in ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima, ko ba a taɓa sa shi ba, kuma ba shi da gyara. Shi a ganinsa ɗinkakken ƙasa ya fi mannanne, don ko ya ɓalle a ƙauye akwai mai basilla da zare. To yaya Yaya zai gane shekara nawa takalmi ya yi a sito kafin a fito da shi a yi masa ragi?

Na biyu shi ne dogon takalmin danko, wanda masu ban ruwa ke sawa. Wannan ba sai an je Jidda ba, yana shigowa kasuwanninmu. A laka da ruwa yana da amfani, ana wanke shi da buta ɗaya. Sai dai ba ya kama ƙafa. In laka ta riƙe shi sai ka zaro ƙafa da safa ka bar shi a baya, karnuka kuma sun yi nisa. A dutse diddige na ta sama da ƙasa a ciki har ya yi bororo, gumi na taruwa, tsakanin yatsu ya yi fari ya fara ci. Ƙayar aduwa ɗaya ta ishe shi.

Na uku shi hankalina ya fi kwantawa da shi ta fuskar aiki. Fata a ƙasa, tamfol a wuya, da 'yan ƙofofi a gefe da ruwa ke fita, haƙoran ƙasansa manya a wawware yadda laka za ta riƙa zubewa da kanta. An ce irinsa sojojin Amurka suka sa a dazukan Biyetnam. To nan fa gizo ke saƙa. Kamarsa kama ce ta soja, kuma a halin da ƙasarmu take ciki, saurayi ya iso shingen bincike daga daji da irin wannan a ƙafa, sai ya sha tambayoyin da bai shirya musu ba. Mai ɗauko shi daga Sawakin ma na tausaya masa. Ko ana samun mai wannan ƙira amma launinsa da fasalinsa na farar hula?

Baffana, wanda shi ya koya mini bin sawu, dariya yake yi mana duka. Shi takalmin taya yake sawa tun yana yaro, in laka ta yi yawa ya cire ya rataya a wuya. Ya ce kuɗin a sayi buhun dawa. Ba na musu da shi a gabansa, amma ga abin da ya sa ba zan bi shi ba. Akwai maƙwabcinmu da ƙaya ta soka a gona, aka cire aka manta. Bayan shekaru sai wani ƙullutu ya fito a bayan ƙafar, ba ciwo, har ya fashe yana fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana. Nabit ce, cutar da likitoci ke kira maisetoma, wadda ƙwayarta ke zaune a ƙasa tana shiga ta rauni. Sudan na cikin inda ta fi yawa a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Kafin yaƙi cibiyar da ta ƙware a kanta tana Soba a Khartum, amma yaƙin ya lalata ta. A ƙarshe ƙafar aka yanke. Ga kububuwa da kasa, waɗanda ba sa gudu in sun ji motsi, kuma yawancin saransu daga gwiwa ne zuwa ƙasa. Ina da yara ƙanana, Malam.

Shi ya sa nake son ka tambayar mini masana. Da a nemi takalmin da ruwa ba ya shiga, ba gara a haƙura da jiƙewa a nemi mai saurin bushewa ba, a haɗa da safa biyu ana canzawa? In haka ne, safar ulu da ake yabo za ta yi a zafinmu, ko ta auduga da ke riƙe ruwa ita ce dai tamu? Kuma gajeren takalmi da kariyar ƙwauri ta fata, wadda baduku zai iya ɗinka mini a nan, zai tsare saran maciji kamar dogo? Sai batun awo. Markub ɗina, wato takalmin fata na gargajiyar Sudan, lamba 43 ne, amma ƙafar da ta girma a gona faɗi gare ta, kuma takan kumbura da yamma. Na yi niyyar taka takarda in zana in auna da santimita in tura masa. Zai ƙara lamba ɗaya ne saboda safa da gangaren dutse, ko hakan zai sa ya yi mini yawa laka ta riƙa zare shi?

Abu na ƙarshe shi ya fi yi mini nauyi. Yaya ya riga ya sa ransa a mai tsadar. Ya nuna wa abokansa, ya ce ƙanensa ba zai sa na banza ba. Ya bar gida tun kafin in fara farauta, Jidda kuma ba ta da irin lakarmu. Wace irin magana zan yi masa ya sayi mai araha da ya fi dacewa da ni, ba tare da ya ji na raina kyautarsa ba? Mutumin da zai taho da shi ƙarshen wata zai taso, don Allah a duba wasiƙata kafin nan.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
wani manomi daga bakin Rahad, jihar Gadarif