Barka da Sallah daga Alƙahira

Assalamu alaikum Umma da Abba da duk mutanen gida, barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Tun safe nake ta kira layi ya ƙi shiga, shi ne nace bari kawai in rubuta, Auta ta karanta muku in an dawo daga yawon Sallah.

Nan idi da sassafe ake yi, rana na ɗan ɗagowa an sallame, na san lokacin ku ko wanka ba ku gama ba. Da muka dawo masaukinmu na ɗaliban Azhar sai muka shimfiɗa tabarma a baranda, dama tun cikin azumi mun yi da juna kowa zai kawo abin shan garinsu, ga kahak kuma, wani ɗan biskit da Misirawa ke yi da Sallah ana barbaɗe shi da garin suga har ya ɓata maka gaban riga.

Umma abin dariya, mutum 3 ne suka kawo zoɓo. Bamisiren yace sunansa karkade kuma na Aswan babu kamarsa, ɗan Sudan yace ai daga wajensu ake lodinsa, ɗan Senegal yace bisaf ne kuma sai da na'ana'a yake daɗi, ni dai ina zaune ina jinsu nace ku gama, wannan shi nake kai wa Umma a kula bakin makarantar allo tun ina ɗan shekara 9. Amma fa na Masar salam yake, ba citta ba kanumfari ba ɓawon abarba, har da zafinsa suke sha kamar shayi. Tsamiya ma suna da ita, tamar hindi suke ce mata. Shi kuma ɗan Senegal ɗin ya ƙara da wani fari mai kauri wai shi buy, ina kurɓa naji ashe ƙwalba da nono ce, 'ya'yan kuka dai namu, sai da naji ƙwalla ta taho min don Hajiya Kaka ce ta faɗo min a rai.

Wanda ya fi tsaya min shi ne na ɗan Sudan, hilu mur, wai ma'anarsa zaƙi da ɗaci. Dawa ake jiƙawa ta tsiro, a shanya a niƙa, a kwaɓa da kayan ƙamshi ya kwana ya yi tsami, sannan a shafa shi siriri a kan tanda ya gasu ya zama kamar takarda ja-ja mai duhu. In za a sha sai a ɓalla a jiƙa a tace a sa suga. Yace matan unguwarsu tun watan Sha'aban suke haɗuwa gida-gida suna yi, kuma wannan da muka sha ragowar wanda mahaifiyarsa ta aiko ne, yana ta lallaɓa shi duk azumi. Da ya zo tsiyaye ƙarshen jug ɗin kowa shiru ya yi, kun san halin da ƙasarsu take ciki tun 2023, Allah ya kawo musu sauƙi.

Baturken ya kawo airan, kindirmo ne tsinkakke amma gishiri suke sa masa, nace bawan Allah me nono ya yi maka? Ɗan Indunusiya kuma candol, madarar kwakwa da ƙanƙara da wasu korayen abubuwa kamar gutsuren taliya, da tsoro na fara amma kofi biyu na sha. Irƙi sus ne dai har yau ban iya ba, baƙi ne na saiwar wani itace, mai tallansa yana rataye da ƙatuwar buta a ƙirji yana kaɗa faifan tagulla kacau-kacau, ya tsiyayo daga sama ya yi kumfa. Shekarata ta farko na saya da buɗa baki na zata irin zoɓo ne, Abba wallahi kamar na kurɓi maganin shawara an zuba masa zuma.

Ni kunun zaƙi na yi da geron nan da kuka aiko, na jiƙa na markaɗa a bilenda da dankalin Hausa da citta, na bar shi ya kwana. Bai kama ƙafar na Umma ba, ya ɗan yi tsululu, amma ko ɗigo bai rage ba, Baturken har da cewa in rubuta masa yadda ake yi.

To geron ya ƙare kenan. Dan Allah in an samu mai tahowa a sako min kwano ɗaya da kanumfari da masoro, in da hali har da busasshiyar fura. A gaida Hajiya Kaka da Gwaggo da su Yaya, Auta kuma goron Sallarki na turo ta asusun Yaya, ki matsa masa kar yace bai ga alat ba.

Ɗanku.