A gwada ƙarfin ƙwayoyin ɓargo kafin a ɗura wa majiyyaci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin jan hankali kan gwajin ƙarfin ƙwayoyin ɓargo da ake ɗura wa majiyyaci, wanda bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Bayan dashen ɓargo, garkuwar da aka daso takan juya ta far wa fata da hanta da hanjin majiyyaci. Idan maganin sitiroyid ya gaza, akan koma ga ƙwayoyin tallafi na ɓargo, wato MSC, domin suna kwantar da ƙwayoyin T, wato fararen ƙwayoyin jini na garkuwa masu kai farmakin. A 2004 likitoci a Suwidin suka ba da rahoton yaro ɗan shekara 9 da ya samu sauƙi da ƙwayoyin mahaifiyarsa. A Disambar 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Ryoncil, wani maganin MSC, ga yara: ƙwaya miliyan 2 kan kowane kilo, sau biyu a mako har mako huɗu.

Abin da ke damunmu shi ne dogaro da ƙa'idojin tantance MSC na 2006 kaɗai, waɗanda ƙungiyar masana jiyya da ƙwayoyi ta duniya, ISCT, ta fitar: ƙwayoyin su manne wa roba, kashi 95 cikin ɗari su nuna a jikinsu alamun da ake kira CD73 da CD90 da CD105, kada masu CD45 ko CD34 su wuce kashi 2. Wannan shaidar kama ce, ba ta aiki ba. Ƙwayoyin da ke haɗa tabon rauni ma suna nuna waɗannan alamu.

Gwajin aiki daban yake. A ware fararen ƙwayoyin jini, a rina su da rini mai haske da ake kira CFSE, wanda haskensa ke raguwa da rabi duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu. A zuga su da sinadaran da ke sa ƙwayoyin T rarrabuwa, PHA ko anti-CD3/CD28, a zuba su kan MSC a ramukan farantin gwaji a mizani daban-daban na MSC da fararen ƙwayoyi, kamar 1:5 da 1:10 da 1:20, sannan bayan kwana huɗu ko biyar a karanta da na'urar ƙidayar ƙwayoyi domin a ga yadda MSC suka hana su rarrabuwa. Dole a bar rami biyu babu MSC, ɗaya an zuga, ɗaya ba a zuga ba, in ba haka ba lissafin ba shi da madogara.

Inda ake tuntuɓe kuwa da yawa. Idan aka cunkusa MSC, abincin ramin kan ƙare, ƙwayoyin T su tsaya don yunwa, a ɗauka magani ne ya yi aiki. Shi ya sa muke so a auna sinadarin kainurenin, wanda ke nuna cewa IDO, sinadarin da MSC ke kwantar da ƙwayoyin T da shi, ya farka bayan an taɓa MSC da IFN-gamma, wani sinadarin garkuwa. Jinin mutum ɗaya ma bai isa ba, domin garkuwar kowa da irin zafinta. A haɗa na mutane da dama a daskarar, a riƙa ɗiba daga nan. Sakamakon ɓera kuma a karanta shi da hattara: nasa ƙwayoyin sun fi dogara da wani sinadari daban mai suna iNOS, na mutum da IDO.

Wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne daskarewa. Ƙwayar da aka narke yanzu ba ta da ƙarfin wadda ta huta awa 24 a faranti, amma ita ce ake ɗura wa majiyyaci. Don haka a gwada ta a yanayin da za ta shiga jijiya, a kuma rubuta sau nawa aka sake shuka ta, tunda ƙarfinta kan ragu idan ta tsufa. Muna roƙon hukumomin magunguna su sa wannan sakamako cikin takardar da za ta raka kowane rukuni kafin ya bar ɗakin gwaji.

Naku,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwajin ƙwayoyin jini