Zuwa ga Abokan Cinikinmu na Jidda da Makka: Batun Saƙonnin Imel da Suka Maƙale

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwa masu aika kaya gida ta hannunmu.

Ku gafarce mu. Kwanakin baya wasunku sun turo takardun kaya ta imel, suka ji shiru. Wata Hajiya har ta tako zuwa reshenmu na Shara Mansur a Makka da rana tsaka, ta nuna mana wayarta: saƙo ya tafi, mu kuwa ba mu gani ba. Kunya ta kama mu, domin laifin namu ne.

Ga abin da ya faru. Da muka buɗe reshen Makka, sai aka raɗa wa kwamfutar da ke karɓar wasiƙu a can suna "ofis", alhali ta Jidda ma sunanta ke nan. Saƙonku yakan fara sauka Jidda, daga nan a miƙa shi Makka da gajeren adireshi, wato "ofis" kawai. Ita kuwa ta Jidda da ta ga sunan, sai ta ɗauka da ita ake, ta ajiye saƙon a akwatin da babu mai buɗewa. Kamar ka ba yaro aike ka ce kai wa Malam Musa, a gidan da ke da Musa biyu.

Matsalar tsohuwa ce. A shekarun 1980, masu amfani da tsarin UUCP, wato tsohuwar hanyar aika saƙo tsakanin kwamfutoci, sai sun jera sunayen kwamfutocin da saƙo zai bi ɗaya bayan ɗaya, da alamar motsin rai a tsakani, kuma sunaye kan yi karo. Tsarin DNS, wato tsarin sunayen adireshi a intanet da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, ya ba kowace na'ura cikakken suna, wani lokaci har da na ƙasarta. Mu ne muka yi ganganci muka gajarta. Yanzu kowace tana da nata cikakken suna, kuma mun hana gajeren adireshi ko tsakanin ma'aikatanmu.

Ku ma muna roƙonku ku riƙa duba wutsiyar adireshi kafin ku tura. Ta Saudiyya .sa ce, ta Sudan .sd, Najeriya .ng, Nijar kuma .ne, wadda harafi ɗaya ya raba ta da .net. Kada ku raina harafi ɗaya: a 2023 aka bayyana cewa saƙonnin sojojin Amurka sun daɗe suna faɗawa adireshin Mali, saboda ana rubuta .ml ta Mali maimakon .mil ta sojojin.

Mun kwaso duk saƙonnin da suka maƙale, muna bin su ɗaya-ɗaya. Wanda kayansa suka yi jinkiri saboda wannan ba zai biya kuɗin ajiya ba. In har jibi ba mu kira ku ba, ku zo da rasit ɗinku kowane reshe bayan sallar La'asar.

Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Ma'aikatan ofishin aika kaya, Jidda