Kada A Tilasta Wa Tsohon Alkawari Jigo Ɗaya

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu koyarwa da ɗaliban tauhidi kan wata tambaya da ta daɗe tana wahalar da masana: shin akwai jigo ɗaya da ya haɗe littattafan Tsohon Alkawari, wato sashen farko na Littafi Mai Tsarki? Yahudawa na ƙirga su 24, wato Attaura 5, Annabawa 8, Rubuce-rubuce 11. Furotesta kuma 39, amma nassin guda ne.

A 1933 masanin tauhidi ɗan Jamus Walther Eichrodt ya ce jigon shi ne alkawari tsakanin Allah da mutanensa. Hujjarsa tana da ƙarfi: ga na Nuhu a littafin Farawa sura 9, na Ibrahim a Farawa 15 da 17, na Sinai a Fitowa 24, na Dawuda a 2 Sama'ila 7, sannan sabon alkawari a Irmiya 31. Gerhard von Rad kuwa, shi ma masanin tauhidi ɗan Jamus, a aikinsa na 1957 da 1960, ya ce sam babu cibiya ɗaya, sai dai labarin ayyukan ceto da kowane zamani ya sake faɗa.

Duk wanda ya zo da jigo, ga yadda zai gwada shi. Ya fara karanta kowane littafi shi kaɗai, ya rubuta abin da littafin ya damu da shi, kafin ya kawo nasa ra'ayin. Sannan ya kai jigon wurin littattafan da ba su da sauƙin kai. Mai Hadishi, Waƙar Waƙoƙi da Esta ba su ambaci alkawari ba ko sau ɗaya. Esta ma, a nassin Ibrananci, ba ta ambaci sunan Allah ba. Karin Magana na koyar da cewa adali yakan ga alheri, Ayuba kuwa adali ne, ya rasa kome. A nan yawancin jigogi ke faɗuwa, domin mai bincike yakan tsallake waɗannan littattafai, ko ya cusa musu abin da ba su faɗa ba.

A lura da jerin littattafan kuma. Na Ibrananci ya ƙare da littafin Tarihi, inda Sairus sarkin Farisa ya ba Yahudawa izinin komawa Urushalima. Na Kirista ya ƙare da littafin Malakai da annabcin zuwan annabi Iliya. Wannan kaɗai kan sauya abin da mai karatu zai ɗauka a matsayin jigo.

A ganina alkawari ya fi sauran ɗaukar kaya, amma bai ɗauke duka ba. Ina roƙon malamai su faɗa wa ɗalibai inda ya tsaya, su kuma ba Ayuba da Mai Hadishi cikakken lokaci a manhaja.

Naku,
Wani mai karatu