Zuwa ga aminina da ke Fatakwal

Assalamu alaikum mutumina, ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Katsina lafiya lau, hunturu ya fara leƙowa. Inna na gaishe ka, ta ce wai ko ka mance hanyar Ƙofar Marusa ne.

Rannan a waya ka ce mi ake ciki, na ce bari in rubuto maka don kati ba zai isa ba. Wallahi maganar hatsi ce ke ci mani tuwo a ƙwarya. Ka san Baffa da ke noma can wajen Batsari, to bara bashin taki ya ci, ga kuɗin da 'yan bindiga suka aza ma ƙauyensu kafin su bari a yi girbi, kaka na yi gero bai ko ga rumbu ba masu bashi na tsaye bakin masussuka, dole ya kwasa ya kai kasuwa ya saida da araha. Su wa suka saya? Masu sito. Su loda buhuna su garƙame da kwaɗo su yi zamansu har marka ta kankama rumbuna sun ƙare, sannan a buɗe a ce kaya sun hau.

Cikin watan Agusta na raka shi awo. Tiya ɗaya ta gero yake so, ya ciro kuɗi daga aljihun gaba ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, hannun nan duk kantar fartanya, ƙarshe ya ce ma mai awo a rage a ba shi rabi. Mutumin da ya noma geron da hannunshi fa! Ban iya cin abinci ba ran nan.

Tun da aka cire tallafin mai 29 ga Mayu 2023 komai ya rikice, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura dubu. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, to madalla, amma manomi da ɗan dako da mai kurar ruwa wa ke biyansu albashi? Ka shiga GRA da dare ka ga sola da rijiyar burtsatse gida-gida, ka dawo unguwarmu ka tarar da matan da suka gudo daga ƙauyukan Jibiya suna kwana a kango da goyo.

Ni ba hassada nake ma kowa ba, arziki na Allah ne. Amma Manzon Allah (SAW) ya hana ɓoye abinci don a jira tsada, kuma zakkar hatsi da ta dukiya haƙƙin talaka ce ba alfarma ba. Wannan ba sai malam ya fassara ba.

Shi ya sa mu 'yan majalisarmu ta bakin masallaci muka fara karo-karo, bana cikin kakar nan za mu sayi gero da dawa mu aje, damina ta yi mu ba su Baffa a kuɗin da muka sayo. Ba yawa, amma na sa sunanka. In albashi ya shigo ka turo abin da ya sawwaƙa kafin masu sito su riga mu.

Ka gaida madam da yara. Sai na ji ka.

Naka har kullum.